Baba Lemo da Farar Wuta

Shekara ashirin da takwas Baba Lemo yana riga kowa zuwa maƙerarmu, inda muke narka tsohon alminiyam muna zuba tukwane. Yakan zauna gaban tarin ƙarafa da magagari a hannu, aljihunsa cike da lemun tsami. Duk guntun da zai shiga wuta sai ya goge tokar da ke bayansa, ya ɗiga masa ruwan lemo. In ya yi shiru, ya wuce. In ya yi kumfa, ya jefa shi can bayan katanga. Muna ta yi masa tsiya: "Baba, ƙarfe ma miya kake masa?" Sai ya ce, "Wani ƙarfen kama kawai yake da ɗan'uwansa, halinsu ba ɗaya ba."

Ni ne mai maƙerar, kuma ni na yi ɓarnar. Ranar aiki ya yi mana yawa, aka kawo fasassun murafen inji marasa nauyi. Na ce a zuba haka nan. Baba ya ce, "Maigida, ban taɓa su ba tukuna." Na ce, "Yau dai a bar lemon ya huta." Ƙanina, uban 'ya'ya biyar, shi ke tsaye a bakin tukunyar narki.

Murafen na shiga tukunyar sai suka kama da wuta. Ban taɓa ganin wuta irin wannan ba. Fara fat, ba ta kalluwa, da rana tsaka sai da ta haska bango. Ƙanina ya faɗi gefen murhu ya rufe ido yana kiran "Yaya! Yaya!" Na sungumi bokitin ruwa na nufe shi.

Tsohon nan da ko muryarsa ba a cika ji ba ya make hannuna da magagari. "Ajiye! Ƙaninka za ka kashe!" Bokitin ya kife baya. Ɗan ruwan da ya fantsama kan wani guntu mai ci da wuta a ƙasa, sai ji muka yi tau! ya tarwatse ya huda kwanon rufi. Ɗigo ne fa. Ni kuwa bokiti guda na ɗauko.

Baba ya ja ƙanina waje da rigarsa, ya koma yana antaya wa wutar busasshen yashin da ya daɗe yana tarawa a durom, wanda ni na sha cewa ya tare hanya. Washegari muka tarar farin gari ya manne a awartaki da rufi, ko da soso da ƙyar yake fita. Wani malamin kimiyya da ke sayen tukwanenmu ya ce murafen nan na wani ƙarfe ne mai suna magnesiyam: a sanyi yana shan iska a hankali ya yi toka, in ya kama wuta har ruwa abincinsa ne.

Baba, kai ne ka san wannan ba tare da allo ba. Kai ne ka ƙone damtse, ba ka taɓa yi mini gori ba. Yau ƙarfin ido ya ragu, za ka koma gida. Na gode, Allah Ya saka maka.

Masu narki, ku gwada kafin ku zuba, ku kuma saurari mai gwadawa. Ƙanina ya karɓi magagarin. Lemon kuwa, ni nake saye da kaina.