Lab Ɗin da Na Buɗe a Zauren Gidanmu

A shekarun da aka yi ta tashin bama-bamai a Kano, ni ɗan kasuwa ne a Kurmi, ina sayar da kayan fata da na gada daga mahaifinmu. Baƙin da ke zuwa sari suka ɗauke ƙafa, sai mu wuni a rumfa muna sauraron rediyo. Abin da nake taƙama da shi a lokacin shi ne maiɗakina, wadda ta karanta aikin gwaje-gwajen asibiti, ta gama ba da jimawa ba. Na lura yadda mutanen unguwarmu ta Jakara ke shan wahala kafin su yi gwajin jini: an hana acaɓa, ga shingayen bincike, ga dokar hana fita, mai zazzaɓi sai ya haƙura ya kwanta a gida. Nan tunani ya faɗo mini, na ce ai zauren gidanmu babba ne, ga kuma mai ilimin abin a cikin gida. Wallahi ranar ban iya cin abincin kirki ba don zumuɗi.

Na sa aka raba zauren biyu, aka yi fenti fari, na sayo madubin duba jini da injin juya shi da wani ɗan firji na hannu. Har allo na sa aka rubuta. Maiɗakina ta yi murna, amma ta zaunar da ni ta ce ba a buɗe lab, wato ɗakin gwajin jini, kamar rumfar kasuwa. Ta ce dole ita kanta ta karɓo lasisin aikinta, sannan a yi wa wurin rajista, hukumar da ke kula da ɗakunan gwaji ta turo mutane su duba, in sun gamsu su ba da izini. Muka nema, sai aka ce masu dubawar ba sa yawan fita saboda halin da hanyoyi ke ciki, mu jira. Na jira har haƙurina ya ƙare. Na roƙe ta mu fara kafin su zo, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba zan taɓa jinin kowa a wurin nan ba sai an duba shi." Na ji haushi, na ɗauka tsoro ne irin na 'yan boko.

Ana haka wani dattijo da rikici ya koro daga gabas ya zo mini. Ya ce ya daɗe yana aiki a lab ɗin wani asibiti, takardunsa sun ƙone tare da gidansa. Na ji tausayinsa, na kuma ga mafita ta zo. Ban tambayi kowa ba na miƙa masa farar riga.

Kai, mun ga jama'a! Tun da hantsi benci ke cika, mata da goyo, tsofaffi da sanda, har daga Shahuci da Kabara ake zuwa. Ina tsaye a bakin ƙofa ina amsa gaisuwa, wasu ma likita suke ce mini, ni kuwa ba na gyara musu. Da yake lokacin kowa na fargabar ranar da zai buƙaci jini, sai na shelanta a masallaci cewa duk mai son sanin rukunin jininsa ya zo kyauta. Aka yi ta tururuwa. Abin mamaki, kusan kowa sai ya fito rukunin O, wanda ake cewa yana iya bai wa kowa jini. Har alfahari na riƙa yi a majalisa, ina cewa unguwarmu Allah ya yi ta da jinin taimako. Da na faɗa wa maiɗakina, sai ta tambaye ni ko firjin da ake ajiye ruwan gwajin yana samun wuta. Na ce in an kawo yana samu, na wuce abina.

Wata rana da la'asar aka kai hari kusa da inda yayana ke aiki, wani ƙarfe ya same shi a cinya. Aka bugo mini cewa yana babban asibiti, ya zubar da jini da yawa, shi kuma O ne, ba ya karɓar na kowa sai irin nasa. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na fita na yi kira, nan da nan samarin unguwa suka cika adaidaita sahu biyu, maiɗakina ta biyo mu. Muka ratsa shingaye muna ɗaga hannu muna bayani, zuciyata cike da cewa yau lab ɗina zai ceci Yaya. Da muka isa na ce wa ma'aikaciyar da ke ɗibar jini ba sai ta gwada ba, duk O ne, ni na sani. Ta ce ba a ƙara wa mutum jini da labari. Ta gwada na farko, ba O ba ne. Na biyu ma haka. Ni kaina da aka gwada, B na fito. Ta tambayi inda muka yi gwajin, da na faɗa sai ta ce ruwan gwajin nan in ya sha zafi mutuwa yake, kowa ka ɗiga wa sai ya nuna O. Ta ce da a wani ƙaramin asibiti ne da za su yarda da maganata, da jinina ne zai kashe ɗan'uwana.

Maiɗakina ta naɗe hannun rigarta, don ita tun a makaranta ta san nata O ne. Da jininta da na wani bawan Allah da ya zo duba nasa majinyacin aka ceto Yaya. Ya tashi, sai dai har yau yana ɗingishi.

Washegari na tambayi dattijon nan gaskiya. Ya fashe da kuka, ya ce aiki kam ya yi a lab, amma wanke kwalabe da shara yake, a kallo ya koyi sauran. Ban iya yi masa faɗa ba, tunda ni ma ban tambaya ba. Na sauke allon, muka bi gida gida ni da maiɗakina muna gaya wa mutane su jefar da sakamakon da muka ba su. Wasu suka ce Allah ya kyauta, wasu suka zage ni. Wata maƙwabciyarmu mai tsohon ciki ta ce da takardarmu ta yi niyyar zuwa haihuwa. Har yanzu in na tuna fuskarta sai jikina ya yi sanyi.

Daga nan na zama ɗalibin maiɗakina. Aka ware ɗakin ɗibar jini daban, aka ja ruwan famfo, aka gyara banɗaki, aka haɗa wa firji sola. Da masu dubawa suka zo daga ƙarshe, na faɗa musu duk abin da ya faru ban ɓoye ba. Suka yi mini faɗa sosai, suka kuma ƙi amincewa saboda ba mu da tsarin zubar da allurai. Muka gyara, suka sake dawowa. Ranar da izinin ya fito, tun daga Kurmi na taho da gudu kamar yaro, mata suka yi ta guɗa a tsakar gida, Yaya da kansa ya hau kujera ya kafa shi a bango.

Na rubuto ne saboda masu zumuɗi irin nawa. Ni ban yi nufin cutar kowa ba, taimako na so yi, amma kyakkyawar niyya ba ta gyara sakamakon da ya fito ba daidai ba. Ku kuma masu zuwa gwaji, kafin ku miƙa hannu ku ɗaga kai ku duba bango, ku nemi ganin izinin wurin da lasisin mai ɗibar jinin. In an ɓata muku rai don kun tambaya, ku ɗauki takalmanku ku fita.