Ɗakin da Ya Yi Zazzaɓi

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da na dafa bangon ɗakin Gwaggona a Abaji na ji shi zau, kamar jikin mai zazzaɓi.

Gwaggo ƙwarar kaɗanya take saye a hannun matan ƙauye, 'yan Kwatano su tsallako iyaka da mota su kwashe. Da yake kayan ba sa daɗewa a hannunta, ba ta taɓa wahalar da kanta da shanya ba. Da danshinsu take ɗurawa a buhu, masu saye su busar a can. A shekarar sai gwamnati ta hana fitar da ɗanyar ƙwara ƙasashen waje, wai a riƙa sarrafa ta a gida. Mu 'yan ofis a Abuja har tafi muka yi. Gwaggo kuwa ta riga ta zuba jarinta kaf, ta cika ɗaki har rufi, ta kulle tana jiran mota.

Bayan wasu makonni ta aiko in zo. Na isa da azahar, rana tsaka, amma gidan tsit. Kajinta sun ƙaura maƙwabta. Wani baƙin mai yana tsatsowa ta ƙasan ƙofar ɗakin, ko ƙuda babu a kansa.

"Kai ɗan gwamnati, sa kunnenka nan," in ji ta.

Na kara kunne. Can ciki na ji ƙas, ƙas, a hankali, kamar mutum na tauna gyaɗa.

"Ɓeraye ne, Gwaggo."

"Ɓera ne ke ɗumama bango? An shiga ɗakin nan, kuma ba mutum ba ne."

Duk bokon nan nawa, wallahi tsigar jikina tashi ta yi. Ta yayyafa ruwan tofi a bangon, kafin ta sauke hannu ya bushe. Sannan ta miƙo mini mabuɗi, ta ja da baya.

Ina buɗewa farin hayaƙi ya malalo ta ƙasa, ya bi ta tsakanin ƙafafuna. Buhunan suna nan a jere, lafiya lau. Na danna ɗaya, hannuna ya nutse cikin toka mai zafi. Iska na shiga, tsakiyar tarin ta yi jawur. Daga baya na san cewa ƙwara mai danshi da maiƙo, in aka cunkusa ta a rufe, da kanta take cin kanta da wuta. Maƙwabta sun zo da bokitai, amma ko buhu ɗaya ba a fitar ba.

Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan turmi ta dube ni, ta ce, "Da wani ya gaya mini 'yan Kwatano ba za su zo ba, ai da na shanya."

Ranar na koyi cewa doka, komai kyanta, in aka yanke ta ba a sanar da masu kaya a hannu ba, a gidan irin su Gwaggo take fara cin wuta.