Idon da Aka Ajiye wa Hanya

Tun yana saurayi ake kiransa Kanne, kuma ba don iskanci ba ne, ko da yake matarsa har gobe tana rantsuwa cewa ita ya kanne wa ido a bakin tasha, shi ya sa ta aure shi. Bawan Allah ko ganinta bai yi ba ranar.

Aikinsa zuba kwal a kan jirgin ƙasa irin na da, mai tururi, wanda in ya yi tari sai matan unguwa sun kwashe shanya. Ranar da ya fara, tsohon direban da ya ɗauke shi ya ja masa kunne.

"Yaro, in ka buɗe murfin wuta, rufe ido ɗaya. Na hagu na wuta ne, na dama na hanya. Wanda ya kalli wuta da ido biyu, ba ya ganin jar fitila sai ya wuce ta."

Ya riƙe maganar kamar wasiyyar uba. Kowane shebur da kannensa, har ta kai ko ashana aka ƙyasta kusa da shi sai idon dama ya rufe kansa. Burinsa ɗaya ne a duniya: ya tashi daga gefen kwal ya zauna a kujerar direba. Tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba, amma har furfura ta fito bai isa ba.

"Baban yara, wannan idon da kake ta ɓoyo, gado za ka bar mana?" in ji matar.

"Ki bari kawai. Ranar da na hau kujera, da shi zan hango ki tun daga gada."

Sai aka kawo kawunan jirgi masu aiki da man dizal. Ba kwal, ba toka, direba ya sauko da farar riga kamar ango. Aka ce masu zuba kwal su je gwaji: wanda ya ci ya koyi tuƙi, wanda ya faɗi ya kama gabansa. Kanne ya tafi yana murmushi. A zamanin tururi gwajin ido wasa ne, a ɗaga tuta a ƙarshen layi ka faɗi launinta, idanunka a buɗe.

Wannan karon ɗaki ne, da likita, da allo a bango. Likita ya rufe masa na hagu, ya karanto har 'yan mitsi-mitsin da ke ƙasa. Sai ya mayar da hannu kan na dama.

"Karanta, Baba."

"Ai wannan na wuta ne, likita. Ba da shi ake ganin hanya ba."

"Me kake gani?"

Ya ƙura wa allon ido. "Hayaƙi."

"Direba da ido biyu yake tuƙi, Baba. Ka yi haƙuri."

Aka ba shi tuta da ɗan ɗaki inda titi ya ratsa layin dogo, yana rufe wa motoci ƙofa. Yaran da ya koya wa riƙon shebur, waɗanda wuta ba ta gama cin idonsu ba, su ke wucewa a kujera, su danna masa ƙaho don girmamawa. Ya ɗaga tuta ya mayar musu.

Yanzu ƙafa ta ƙi, yana gida. Kwanan baya matar ta hura wuta a tsakar gida, idon dama ya rufe yadda ya saba.

"Wa kuma kake ajiye wa?" ta tambaye shi a hankali.

Can jirgin yamma ya yi kuka wajen gada, sai Kanne ya buɗe idon, ya juya fuskarsa can.