Hankakan Habboba da Yaya Usman

A ƙauyenmu kusa da Hasahisa, bayan an cire auduga dole a ƙone karanta, to a bakin wannan wuta kakarmu, Habboba, take ba mu tatsuniya bayan magariba. Kawu Sale kuwa yakan dawo daga Wad Madani da jarida, ya karanta mana da Larabci yana kaɗa kai kamar shi ya rubuta. A shekarar da soja suka sake ture gwamnatin da mutane suka zaɓa, jarida ta buga hoton babbansu yana shafa kan wata yarinya, an rubuta cewa sun ceci ƙasa. Yayana Usman ya ga hoton, shi ke nan, ya ce soja zai shiga, gona ta ci kanta.

Habboba ta yi faɗa har ta gaji. Da faɗa ya ƙi ci, sai ta ce mu matso, tatsuniya ta iso.

Wai kaji ne suke zaɓen sarkinsu duk kaka, kowa ya ajiye ƙwayar dawa gaban wanda yake so. Suka ɗauki shaho gadi saboda muzuru. Wata safiya sai ga shaho zaune a kujerar sarki, hankaka mai shelar gari yana zagayawa yana cewa shaho ya ceci gari. 'Yan tsaki suka fara ɓacewa, hankaka ya ce ziyara suka tafi. Da kaji suka kori shaho, hankakan nan dai shi ya fara ihu wai azzalumi ya gudu. Baɗi shaho ya dawo, hankaka ya koma yabonsa.

"Ni ba shaho ke ba ni haushi ba, ɗiyana," in ji ta, tana kallon Usman. "Shi yunwa gare shi. Hankakan nan, mi za ya ci?"

Kawu ya ce tsohuwa ba ta san siyasa ba. Usman ya yi dariya, bayan salla ya tafi. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan raina ɓaci yake.

Na girma ina ganin jaridu suna yi mana haka, yau soja uban ƙasa ne, gobe ɓarawo, jibi kuma mai ceto, ba ko kunya. Sai ranar da muka fito a Madani muna neman mulki ya koma hannun farar hula na gane abin da tsohuwa take tsoro. Aka jera mana soja a bakin gada, ga Yaya Usman a cikinsu da bindiga. Ya gan ni, ya sunkuyar da kai, bai ɗaga ba har soja suka far mana muka watse da gudu.

Washegari jarida ta ce soja da jama'a sun yi musabaha a gada. Ni da Yaya kuwa shekara biyu muka yi ba mu iya haɗa ido ba.