Allon Sule Mai Injin Niƙa

Jiya a kasuwar Ɗanbatta wata dattijuwa ta sha gabana, rungume da allon talla na kwano duk tsatsa. Ina kallo na gane hannuna.

Na rubuta shi a shekarun tsadar hatsi, bayan an sallame mu daga koyarwa, takardunmu suka koma na naɗe ƙosai. Rubutun nan ne mai karkata da muka koya a kwaleji: in za ka sauko ka danna buroshi ya yi kauri, in za ka hau ka ɗaga ya fito siriri kamar gashi. Sunan mijinta ne, marigayi Sule mai injin niƙa. Tsatsa ta cinye siraran layukan, masu kaurin kaɗai suka rage. Ta ce in sabunta mata shi.

Na ce, "Hajiya, 'ya'yanki su bugo miki sabo a kwamfuta mana."

Ta ce, "Sun bugo, Malam. Ban yi boko ba, amma wancan a tsaye yake ƙiƙam kamar soja. Sule kuwa da ɗan sunkuyo yake tafiya. Wannan ne sunansa."

Na ce hannuna rawa yake yanzu, zan ɓata mata.

"Shi ma da rawar hannu ya koma ga Allah. Rubuta."

Na ari buroshi wurin wani mai fenti, na mayar da siraran ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗaya bai miƙe ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ga shi nan."

Shekara da shekaru ina cewa karatuna ya tashi a banza. Ashe mai karanta ni tana nan, ba ta ma san baƙi ba.

Ku fa, wa ya taɓa riƙe aikinku haka?