Ɓeran Masar ɗin Kubra

"Saboda ɓera, Sammani? Ɓera!"

Muryar Malam Iliyasu ce ta tsallako katangar da ta raba gidanmu da nasu, bayan la'asar ɗin wata Talata a ranin 1988. Da ƙaninsa yake, kuma duk unguwa ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga masa murya sai ranar.

"Ba ɓera ba ne, Yaya. Ɓeran Masar ne."

"Ko na Makka ne! Gobe ranar ruwanmu ce. Alkama ta ɗauki ciki, in ta rasa ruwan gobe sai wani makon, ka fi ni sanin abin da hakan ke nufi."

"A nemi wani ya ba ta."

"Wa za a nema? Kowa yana kan tasa gonar. Ko ni zan shiga taɓo da wannan gwiwar?"

Sai ga muryar Baraka, matar Malam Iliyasu, daga wajen murhu. Ita ce ta saba kashe wuta tsakaninsu da wasa, irin wasan da ke tsakanin mace da ƙanin mijinta.

"Malam, ƙyale shi mana. Angon ɓera ne, ai ba a raba ango da ɗaki a makon farko."

Ba wanda ya yi dariya. Can sai Sammani ya ce, a hankali, har sai da na matsa kusa da katangar: "Gobe ba inda zan je."

Wanda bai san Sammani ba ba zai gane nauyin wannan maganar ba. A lokacin ya haura hamsin, siriri ne, maras yawan magana, diddigensa duk faso saboda zama cikin ruwa. Kafin ruwan Tiga ya iso ƙasarmu, da an gama kaka yake ɗaure tabarmarsa ya tafi ci-rani Kano, ya yi dako har gajimare ya haɗo. Da aka yanka kanal, wato hanyar ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure, katafila ta baje gonaki aka sake rabo, sai gonar gadonsu shi da yayansa ta faɗo cikin inda ruwa yake kaiwa. Ruwan kuwa bi da bi ake sakinsa, kowane yanki da ranarsa. Wanda ya rasa ranarsa, sai dai ya tsaya yana kallon rabonsa yana wucewa gonar wani.

A nan Sammani ya sami abin da aka halicce shi dominsa. Da lanƙwasasshen bututun roba ake janyo ruwa daga ƙaramin kanal zuwa fangali. Sai ka nutsa shi ya cika, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka wurga shi ta kan kunya kafin iska ta shiga. Wasu sai sun gwada sau biyar. Sammani yakan jera goma sha biyu, duk suna zuba, yana tafe tsakaninsu da fartanya yana buɗe nan yana toshe can. Ana cewa ruwa yana jin maganarsa. Shekara goma sha ɗaya bai rasa ranar ruwa ko ɗaya ba. Ɗaurin auren autarsa Raliya ma, wadda aka kai Madobi, da taɓo a ƙafa ya iso shi.

Mutane suna kiran wannan ƙwazo. Ƙwazon ne, amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa. A gona ba mai kallon fuskarsa yana jiran ya ce wani abu. A gida kuwa akwai Kubra.

Shekara ashirin da shida suka yi tare, ba a taɓa jin kansu ba. Ba su yi faɗa ba, ba su kuma yi hira ba. Yakan shigo ta kawo ruwa da tuwo, ya ci, ya ce an gode, ya fita dandali. Ita kuma sai ta koma wajen ɓerayen Masar ɗinta, waɗanda wani ɗan'uwanta ya kawo mata guda biyu daga Zariya suka hayayyafa a tsohon akurki. Da sun ji takunta sai su ɗauki fito gaba ɗaya. Tana yi musu magana kamar mutane. Abincinsu kara ne, da harawa, da busasshiyar ciyawa, da ɗan ganye in an samu. Kullum akwai tarin kara a jikin akurkin. Sammani yakan ga tarin nan ya kau da kai. A ransa ya ɗauka magana ce take faɗa masa ba da baki ba, wato gidan nan ba a rage komai a kwano balle dabba ta samu. Bai taɓa tambayarta ba.

A ranin da ya gabata zazzaɓi ya kama Kubra. Kwana na huɗu ya faɗo ranar ruwa. Da asuba, yana ɗaure bututunsa, ta ce daga kan tabarma, "Maigida, yau jikin ya yi nauyi."

Ya ce, "Bari in ba alkama ruwa. Da la'asar sai mu tafi asibitin Kura."

Ya bar ta a hannun Baraka ya tafi. Da azahar Malam Iliyasu da kansa ya hau keke ya same shi a gona, ya ce ya zo yanzu. Sammani ya dubi gonar ya ce saura fangali biyu. Ya tsaya ya cika su. Da suka iso gida an riga an rufe mata fuska.

Fangalin nan biyu ba wanda ya taɓa ambata su. Masu gaisuwa suka ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya suka faɗa. Sammani ya amsa kowace gaisuwa yadda ake amsawa, mako na zagayowa ya koma ban ruwa.

Da aka raba kayan Kubra, 'yan'uwanta mata suka kwashe ɓerayen. Ɗaya suka bari, wani namiji mai jan gashi da take kira Jatau, don ya shige lungu ya ƙi fitowa. Ranar da Sammani ya gano shi, abin da ya fara yi shi ne ya kwashe tarin karan nan ya kai wa Baraka ta hura wuta. Daga ranar Jatau ya daina cin abin talaka. Kunu da safe, burodi jiƙe da shayi, dafaffiyar shinkafa, nunannen tumatir da aka ɓare masa fata. Abin da Sammani zai ci, sai ya fara ɗibar wa Jatau.

"Ina kwana, Alhaji Jatau," in ji Baraka in ta leƙo. "An karya, ko a kawo ƙwai?"

Unguwa ta ce tausayi ne. Ni dai ina ganin ramuwa ce. Duk abin da bai sa a kwanon Kubra ba, shi yake turawa gaban dabbarta, kuma dabba ba ta iya cewa ta yafe ko ba ta yafe ba, sai dai ta ci.

Wata goma ana haka, sai Jatau ya fara zuwa gaban kwano ya shinshina ya koma. Miyau yana dalala, haɓarsa kullum a jiƙe. Fiton ma ya daina. Da ka ɗaga shi sai ka ji ƙasusuwa a ƙarƙashin gashi. Ranar kasuwar Bunkure Sammani ya sa shi a kwando, ya je ya bi layi wajen Dalhatu malamin dabbobi, tsakanin masu raguna da masu shanun huɗa. Aka yi ta yi masa ba'a, wani ya ce ko na layya ne ake kiwo tun yanzu.

Dalhatu ya buɗe bakin dabbar da ɗan tsinke, ya haska tocila, ya daɗe yana dubawa.

"Baba, me kake ba shi?"

Sammani ya lissafa, har da ɗan alfahari a muryarsa.

"Ciyawa fa? Kara?"

"A'a, ya bar cin wannan."

Dalhatu ya kashe tocilar. "Baba, haƙoran wannan dabba ba sa daina tsiro, kamar farce suke. Abu mai tauri ne yake goge su. In ya daina tauna kara da busasshiyar ciyawa, sai su yi ta tsawo. Na gaban nan zan datse su yanzu. Amma turamen ciki sun tanƙwaro sun danne harshe, ba ni da abin da zai kai can. Yunwa yake ji, haɗiya ce ta gagara. Da can wa yake kiwonsa?"

"Mai ɗakina. Ta rasu."

"Allah Ya jiƙanta. Ita me take ba shi?"

Sammani ya ce, "Kara."

"To, ta san abin da take yi."

Dalhatu ya ba shi maganin ciwo na ruwa a 'yar kwalba, da sirinji marar allura. Ya ce ɗigo uku bayan kowace salla, sannan a daka ɗanyar ciyawa a dama ta da ruwa a riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan, a kula kada ya ƙware. Ya ce rai na Allah ne, amma kada ya sa rai da yawa.

Abin da ya biyo baya, rabi ta katanga muka ji, rabi daga bakin Baraka. Da an sallame salla Sammani ba ya tsayawa gaisawa a ƙofar masallaci. Yakan zauna a bakin ɗakin Kubra, ya naɗe Jatau a tsohon ɗankwali har wuya don kada ya yi ta shure-shure, ya kwantar da shi a cinya. Sai ya zura bakin sirinjin ta gefe, ta ɗan gurbin da ke bayan haƙoran gaba, ya matsa ɗigo ɗaya, ya jira. In maƙogwaron ya motsa, ya ƙara. In bai motsa ba, sai ya shafa shi da ɗan yatsa har ya motsa. Cokali ɗaya na damammiyar ciyawa yakan ci masa rabin sa'a. Hannun da yake wurga bututu ba ya kuskure, shi ne yake lallaɓa sirinji. Har turmi ya ara, shi da bai taɓa riƙe taɓarya ba, yana daka ciyawa a tsakar gida mata suna leƙe.

Kwana huɗu yana haka, sai ranar ruwa ta gabato, aka yi faɗan da na ji.

Da safiyar Laraba Baraka ta shigo, wannan karon ba wasa a bakinta.

"Sammani, kawo shi nan. Na ga yadda kake yi, ɗigo uku ta gefe. Ka je ka taimaki yayanka, in Allah Ya so za ka dawo ka same shi."

Bai ɗago ba. "Na taɓa bar miki."

Baraka ta ce ji ta yi kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta juya za ta fita, sai ya ce, "Matar Yaya, ba ke nake nufi ba. Ke kin zauna. Ni ne na tafi."

Malam Iliyasu ya ɗauki bututun da kansa, ya ɗaure gwiwa da tsumma, ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Da hantsi Jatau ya karɓi ɗan abinci. Da azahar ya haɗiye ɗigo biyu, na ukun ya tsaya a baki. Sammani bai koma ɗaki ba, bai ci komai ba, yana zaune da shi a cinya inuwa tana zagaya shi. Da la'asar ya zura sirinjin ya matsa, maganin ya gangaro ta ɗaya gefen ya jiƙa ɗankwalin. Ya shafa maƙogwaron. Ya sake shafawa. Baraka, wadda take tsaye daga nesa, ta ce ya kai minti goma yana shafawa bayan abin ya riga ya wuce.

Sammani da kansa ya haƙa rami a gindin akurkin da fartanyarsa ta ban ruwa. Ya sa gawar Jatau da ɗankwalin ya mayar da ƙasa.

Gab da magariba Malam Iliyasu ya dawo yana ɗingishi, taɓo har cinya. Rabin gonar kawai ya iya kaiwa kafin a rufe ruwa. Ya shigo da faɗa a bakinsa, ya ga sabuwar ƙasa a gindin akurki, ya ga ƙaninsa yana wanke sirinji a buta kamar akwai wanda zai sake ba wa. Ya ajiye bututun a jikin bango ya wuce ɗakinsa.

Bayan an fito salla Baraka ta kai wa Sammani tuwo. Ta yi sallama, ya fito ya tsaya a bakin ƙofa. Ta miƙa kwanon ya karɓa, amma bai koma ciki ba. Ta tsaya tana jira, don ta ga akwai magana.

"Matar Yaya," ya ce, "ke da kuke hira da ita. Kubra, wai me ta fi son ci?"