Yau Yaya Bitrus bai je gindin inji ba

Na dawo daga aiki na tarar da Yaya Bitrus a tsakar gida, yana taya Mama ɓarar agushi.

Yayana ne, shekaru ke nan yana wuni a gindin injin markaɗen layinmu a Makera, don ƙararsa ce kaɗai ke danne muryoyin da yake ji a kansa. Maganin asibiti bai karɓe shi sosai ba, sai kwanakin baya likitan ƙwaƙwalwa ya ƙara masa wani a kan na da.

Na ce, "Yaya, sun tafi ne?"

Ya ce, "Suna nan. Amma yau muryar Mama ta fi tasu ƙarfi."

Mama ba ta ɗago kai ba, hawaye dai na ɗiga cikin tiren.

'Yan'uwana masu jinya, ku wace ƙaramar alama ce ta hana ku fid da rai?